Ƙarafa Masu Guba a Ƙasar Noma: Haɗarin Ƙaramar Haƙar Ma'adinai a Yankin Madakiya da Kafanchan

Garin Madakiya, wanda ke ƙasar Bajju a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, 'yar tafiya kaɗan daga Kafanchan, gari ne na manoma, kuma abin da ya fi fito da sunansa shi ne mafaɗar ruwa ta Matsirga, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yake zubowa daga kan dutse mai tsayin kusan mita 30 kafin ya ci gaba da gangarawa. Sai dai garin yana zaune ne a cikin yankin da aka shafe kusan shekara ɗari ana tone shi domin neman kuza da duwatsu masu daraja, kuma a 'yan shekarun nan neman ya ƙara zafi saboda sababbin ma'adinan da kasuwar duniya take buƙata. Tambayar da ta dace da irin wannan wuri ita ce wane ƙarfe haƙar take fitarwa, ta wace hanya yake barin bakin rami, kuma a ina yake yada zango, domin illar da ƙarafa masu guba suke yi wa ƙasar noma ta fi rataya a kan hanyar da suke bi fiye da yawan ramukan da ido yake gani. A kudancin Kaduna, inda ruwan sama yake da yawa kuma ƙasa take da tsami, babbar hanyar ita ce ruwa, masaukin ƙarshe kuwa fadama.

Haƙar kuza ta zamani ta fara ne a tudun Jos a farkon ƙarni na ashirin ta hannun kamfanonin Ingila, sannan ta malalo zuwa gangaren kudu maso yamma, inda duwatsun Kagoro da na Nok suke, waɗanda jinsinsu ɗaya ne da duwatsun da suka samar da kuzar Jos. A wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok aka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, aka sake samun kan wani mutum-mutumin a wata mahaƙa kusa da Jama'a a 1943, wanda ya kai hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg, kuma daga nan duniya ta san tsohuwar al'adar Nok. Layin dogo da ya mayar da Kafanchan mahaɗa a 1927 ya sauƙaƙa fitar da kayan. Da farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, sauran manyan kamfanoni suka tattara, aikin ya koma hannun ɗaiɗaikun mutane masu diga da shebur da kwano, waɗanda suke sake wanke tsofaffin tsibin ƙasa ko su haƙa ramuka masu zurfi da ake kira loto. A shekarun 1980 safaya ta Nisama da kewayen Gidan Waya da Godogodo, wadda take cikin duwatsu masu daraja, ta jawo 'yan haƙa da dillalai daga ƙasashen Afirka ta Yamma, a 2016 kuma aka ba da sanarwar gano nikel a kusa da Dangoma cikin ƙaramar hukumar Jama'a. Akwai kuma jerin jijiyoyin dutse masu manyan ƙwayoyi, waɗanda masana suke kira fegmatayit, da suka miƙe daga Jama'a zuwa Wamba a jihar Nasarawa, kuma a irin wannan dutse ne ake samun tantalayit da kwalambayit da litiyam ɗin da ake rububinsa yanzu saboda batura.

Abin da ake nufi da ƙarafa masu nauyi shi ne rukunin sinadarai irin su dalma, zaiba, kadmiyam, nikel, kuromiyam, jan ƙarfe da tutiya, tare da arsenik, wanda ba cikakken ƙarfe ba ne amma ana lissafa shi da su saboda gubarsa. Wasu daga cikinsu, kamar tutiya da jan ƙarfe, tsiro da dabba suna buƙatar ɗan kaɗan, sai sun yi yawa suke cutarwa, amma dalma da zaiba da kadmiyam ba su da wani amfani da aka sani a jikin ɗan Adam. Abin da ya raba su da sauran gurɓatattun abubuwa, kamar man fetur ko maganin ƙwari, shi ne ba sa ruɓewa: rana ba ta ƙone su, ƙananan halittun ƙasa ba sa cinye su, iyakar abin da suke yi shi ne sauya siffa ko sauya wuri. Dukkansu suna nan a cikin dutse tun asali, a kulle, kuma aikin haƙa shi ne buɗe su, domin dutsen da aka fasa aka niƙe ya zama gari yana ba iska da ruwa fili mai faɗin gaske da za su yi aiki a kansa. Idan ma'adinin na jinsin da ƙarfe ya haɗu da farar wuta ne, haɗuwarsa da iska da ruwa tana haifar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da sauran ƙarafan da ke kusa ya tafi da su cikin rafi.

Daga nan ake gane cewa ba kowace haƙa ce take da haɗari iri ɗaya ba, kuma duk bayanin da ya zuba su a kwando ɗaya zai ɓatar da mai karatu. Dutsen kuza yana da taurin kai, ba ya narkewa cikin sauƙi, kuma kuzar da ke cikinsa ba ta cikin ƙarafa masu tsananin guba. Matsalar wankin kuza tana cikin baƙin yashin da yake saura, wanda yake ɗauke da monazayit da zakon, ma'adinai masu toriyam da yuraniyam, waɗanda suke fitar da haskoki masu cutarwa da ido ba ya gani. Binciken da aka yi a tudun Jos ya sha nuna cewa tsibin ragowar wanki ya fi ƙasar kewaye yawan wannan haske nesa ba kusa ba, kuma abin damuwa shi ne mutane sukan ɗebi yashin su yi gini da shafe. Neman safaya kuwa wankin tsakuwa ne, ba a niƙa dutse, ba a zuba sinadari, saboda haka illarsa ta farko ita ce ramuka da zaizayar ƙasa da lakar da take toshe rafi. Haƙar zinariya, wadda a jihar Kaduna ta fi ƙarfi a Birnin Gwari, ita ce mafi muni, domin ta haɗa abubuwa biyu: niƙa dutse mai dalma, da amfani da zaiba wajen kama ƙurar zinariya.

Abin da ya faru a Zamfara shi ne ma'aunin da ake gwada komai da shi a arewacin Nijeriya. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da mutuwar yara ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bincike ya nuna gubar dalma ce, kuma adadin yaran da suka rasu ya kai aƙalla 400. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka riƙa kawo dutse cikin gida ana dakawa a turmi ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. A ƙauyuka biyu da aka fara bincika an iske kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin shekara guda, kuma a wasu wuraren niƙa dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka take amfani da ita a lokacin ga filin wasan yara ita ce 400. Asalin dalmar daga dutsen tozali take, wato irin wanda ake niƙawa a yi kwalli, amma daɗewa a kusa da doron ƙasa ta sauya shi zuwa siffar da take narkewa da sauri a cikin ciki. Kafin a ankara da yara, agwagi ne suka fara ƙarewa a ƙauyukan, kuma ba wanda ya karanta wannan alama a kan lokaci. A 2015 abin ya maimaitu a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Darasin Zamfara yana da girma, amma ɗaukarsa yadda yake a ɗora wa kudancin Kaduna zai sa a duba inda bai kamata ba. A Zamfara ƙura ce ta kai guba daga turmi zuwa bakin yaro, cikin makonni, a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Yankin Kafanchan yana samun ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,500 a shekara ko fiye, damina tana da tsawo, ƙasa kuma gangare ce daga gindin duwatsu zuwa kwaruruka, saboda haka duk tsibin ƙasar da aka bari a bakin rami da rani, ruwan farko zai fara kwasarsa. Yawan ruwa yana kuma wanke sinadaran da suke rage tsamin ƙasa, abin da ya sa ƙasar wurare masu damina mai ƙarfi takan yi tsami. Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda 7 shi ne tsaka-tsaki, kuma idan ya sauka ƙasa da 6, kadmiyam da tutiya da nikel sukan saki jikin ƙwayoyin ƙasa su shiga ruwan da saiwa take sha. Takin zamani mai sinadarin amoniya, wanda manoman masara suke zubawa kowace shekara, yana ƙara wannan tsami. Ke nan ƙarfen da zai iya kwanciya shiru a ƙasar Sakkwato mai ƙarancin tsami zai iya motsi a gonar Zangon Kataf ko Jama'a, kuma illarsa za ta zo a hankali, ba tare da gawarwakin da za su jawo hankalin hukuma ba.

Waɗanda suke fara jin jiki su ne halittun da ba a lissafa su cikin dukiyar manomi, alhali su ne suke riƙe da ita. Tana da gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne suke ruɓar da ganye da kara su mayar da su taki, kuma jan ƙarfe da kadmiyam da dalma suna rage yawansu da ƙarfin aikinsu. Ƙwayoyin halittar da suke zama a ƙullutun saiwar wake da gyaɗa da waken soya, waɗanda suke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ba ƙasa, suna cikin mafi saurin lalacewa idan tutiya ko kadmiyam suka yi yawa. Manomi zai ga gona ta gaji, ganye ya yi rawaya, amfani ya ragu, sai ya ƙara taki, takin ya ƙara tsami, tsamin ya ƙara sakin ƙarfe. Ita kanta haƙar tana birkita tsarin ƙasa, domin tana binne baƙar ƙasar sama mai rai a ƙarƙashin jar ƙasa da tsakuwa, kuma samuwar 'yan santimita kaɗan na ƙasar sama tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru.

Fadama ta cancanci a daɗe a kanta, domin a nan ne lakar da ruwa ya ɗauko take kwanciya, kuma a nan ne ake noman shinkafa da gwaza da rake da kayan lambu na rani. Halin ƙarfe a ƙasar da ruwa ya rufe ya bambanta da halinsa a tudu. Idan ruwa ya kwanta iska ta ƙare a cikin laka, arsenik yakan narke ya shiga shinkafa, kadmiyam kuwa ya lafa. Idan aka janye ruwa ƙasa ta sha iska, sai lamarin ya juya, kadmiyam ya motsa, arsenik ya lafa, saboda haka babu tsarin ban ruwa ɗaya da yake maganin su biyun gaba ɗaya. A kwarin kogin Jinzu na ƙasar Jafan, ruwan da ya biyo ta mahaƙar Kamioka ya kai kadmiyam gonakin shinkafa shekara da shekaru, ya lalata ƙoda da ƙashin waɗanda suka rayu a kan shinkafar, musamman mata, kuma sai a 1968 gwamnati ta amince da sanadin cutar. Kadmiyam yakan zauna a ƙodar mutum shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita. Zaiba kuwa, idan ta faɗa cikin laka marar iska, wasu ƙwayoyin halitta sukan mayar da ita siffar da take taruwa a tsokar kifi, ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya ci ƙarami, har ta kai ga mai ciki da ɗan tayinta, kamar yadda aka gani a Minamata ta Jafan tun 1956. Ƙaramar haƙar zinariya ita ce babbar hanyar da zaiba take shiga iskar duniya ta hannun mutane, da kimanin kashi 38 cikin ɗari bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018. Shanun makiyaya ma suna cikin lissafi, domin da rani sukan sha a kududdufan tsofaffin mahaƙai, suna kuma haɗiyar ƙasa tare da ciyawa, ga shi saniya tana cikin dabbobin da dalma take saurin kamawa.

Ga mutanen kudancin Kaduna akwai wani amfani guda da ya fi kowane shiga haɗari, wato citta, wadda Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a da Zangon Kataf suka sa Nijeriya cikin manyan masu nomanta a duniya. Citta a cikin ƙasa take girma, ƙasa tana manne mata, kuma bayan an tsaga ta akan shanya ta a fili, sau da yawa a ƙasa ko a gefen hanya, inda ƙura take sauka a kanta. Dalma ba ta cika hawa zuwa ganye da ƙwaya ba, a saiwa take tsayawa, saboda haka amfanin da ake cin saiwarsa ko ɓawonsa ya fi hatsi fuskantar matsala. Tun 2021 Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 1.5 na dalma a kowane kilo na busassun kayan yaji masu saiwa, kuma citta tana cikinsu. Manoman da cutar ruɓewar citta ta 2023 ta cinye musu jari ba za su iya jure a dawo musu da kaya daga tashar jiragen ruwa ba, kuma mai saye a waje ba ya tambayar daga wace gona buhu ya fito, sunan ƙasa gaba ɗaya yake sa wa alama.

Hanyar da masu bincike a jami'o'in Nijeriya suka fi amfani da ita wajen auna wannan haɗari ita ce wadda Lars Hakanson, masani ɗan ƙasar Siwidin, ya fitar a 1980. Ana raba adadin ƙarfen da aka samu a samfuri da adadinsa na asali a wurin, sannan a ninka da wani adadi da yake nuna ƙarfin gubarsa: zaiba 40, kadmiyam 30, arsenik 10, dalma da jan ƙarfe 5, kuromiyam 2, tutiya 1. Idan jimillar ba ta kai 150 ba haɗarin ƙarami ne, idan ta kai 600 ya yi tsanani ƙwarai. Ma'aunin yana da amfani wajen jera wurare daga mafi muni zuwa mafi sauƙi, amma yana da rauni da ya kamata a faɗa a fili. An tsara shi ne domin lakar tafkunan Siwidin, da sinadarai takwas, saboda haka wanda ya auna ƙarafa huɗu ya gwada da waccan iyaka zai samu sakamako mai kwantar da hankali da ba shi da tushe. Yana kuma auna jimillar ƙarfe, alhali abin da yake cutarwa shi ne ɓangaren da yake narkewa. Mafi girman rauninsa shi ne adadin asali: yawancin masu bincike sukan ɗauko matsakaicin adadin duniya daga littafi, alhali a kewayen Kafanchan akwai ƙasar da ta samu daga baƙin dutsen aman wuta, wanda shi ne mahaifar safaya, kuma irin wannan ƙasa tana da nikel da kuromiyam da yawa tun halitta. Idan ba a auna gonar da ba a taɓa haƙa ba mai dutse iri ɗaya, za a iya ɗora wa 'yan haƙa laifin dutse, ko kuma a wanke su daga laifin da nasu ne.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan ma'adinai, Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta wajabta gyara wurin da aka haƙa kuma ta tanadi kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha, hukumar NESREA da aka kafa a shekarar tana da ikon sa ido kan muhalli, Nijeriya kuma ta amince da Yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018. Inda gizo yake saƙa shi ne lasisi daga Abuja yake fitowa, ƙasa tana ƙarƙashin gwamna bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, amma yarjejeniyar da take buɗe rami a zahiri tsakanin mai gona da ubangidan 'yan haƙa ake ƙulla ta, wani lokaci da sanin mai unguwa, kuma ba a sa maƙwabcin da ke gangare a cikinta, alhali gonarsa ce lakar za ta sauka. Hani kaɗai bai isa ba: an haramta haƙa a Zamfara daga Afrilun 2019 zuwa Disamban 2024, aikin bai tsaya ba, sai dai ya ƙara ɓuya daga idon mai duba. Matashin da diga take ba shi a mako abin da gona ba ta ba shi a wata ba zai ajiye ta saboda sanarwa ba, kuma adalci ne a tuna cewa shi da 'ya'yansa ne suke fara shaƙar ƙurar.

Gyaran ƙasar da ta gurɓace yana da tsada da wahala. A Zamfara sai da aka kankare ƙasar saman kowane gida da hannu, aka binne ta a rami na musamman, aka kawo sabuwa, domin ba a fara ba yaro maganin fitar da dalma sai an tsabtace gidan da zai koma, kuma garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai 2013. Abin da aka iya yi wa tsakar gida ba za a iya yi wa fadama mai faɗin hekta ɗaruruwa ba. Matakan da suke da araha duk na riga-kafi ne: a keɓe ƙasar sama gefe kafin a fara rami domin a mayar da ita, a yi wanki a kududdufin da laka za ta kwanta kafin ruwa ya koma rafi, a jiƙa dutse kafin niƙa kuma a yi niƙan nesa da gida da injin hatsi, a ƙona zaiba a rufaffiyar tukunya mai bututu da take kama tururinta. A gonar da ta riga ta taɓu, farar ƙasa tana rage tsami, takin gargajiya da gawayin ƙaiƙayi suna kama ƙarfe su hana shi shiga saiwa, jema da aka dasa a kan tsibi tana riƙe ƙasa daga zaizaya, ko da yake babu ɗayansu da yake fitar da ƙarfen daga wurin.

Aikin da ya fi gaggawa ga gari irin Madakiya shi ne awo tun ƙasa tana da lafiya, domin adadin asali ba ya samuwa bayan an gurɓata wuri. Kayan aikin ba su da nisa: akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, akwai ɗakunan gwaji na Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya a Kaduna, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda take da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004 da za ta iya gano ƙarafa da yawa a ɗan samfuri kaɗan. Samfurin da ya fi ba da labari shi ne lakar da ke mahaɗar rafuka da bakin fadama, a ɗebe ta sau biyu, a ƙarshen rani da bayan ruwa ya kankama, tare da auna tsamin ƙasa da gwada citta da shinkafar da aka noma a wurin, sannan a ba masarauta da ƙungiyoyin manoma kwafin sakamakon da harshen da suke ji, domin su riƙe shi a hannu ranar da wani ya zo da takardar lasisi yana neman gona.